Alli Uku da Gutsuren Burodi: Yadda Ake Zana Mutum-mutumin Coci Irin na Zamanin Barok

A tsakiyar birnin Roma, dab da doguwar hasumiyar dutsen nan ta Sarki Trajan, akwai wata majami'a da ake kira Santa Maria di Loreto. Ƙungiyar masu gasa burodi ce ta gina ta. Kana shiga, can kusa da bagade, za ka ga wani ƙaton alkuki a bango, a cikinsa Waliyyiya Susanna na tsaye, ta farin dutsen mabul, ta ɗan sunkuyar da kai, ta ɗora nauyin jikinta a kan ƙafa ɗaya. François Duquesnoy, mutumin Brussels, shi ya sassaƙa ta, ya gama a 1633. Daga nan ɗaliban zane suka mai da gabanta makaranta. Yaro zai zo da allo da takarda da jan alli, da gutsuren burodi a aljihu, ya share wuri ya zauna har hasken taga ya juya. Burodin ba na ci ba ne, na goge kuskure ne, don robar gogewa ba ta shigo hannun masu zane ba sai wajen 1770.

Abin da ya sa wannan sana'a ta bunƙasa a lokacin ba ɓoyayye ba ne. A 1563 Majalisar Trent ta Cocin Katolika ta tabbatar da cewa za a ci gaba da ajiye siffofin waliyyai a majami'u, bayan 'yan Furotesta sun yi ta sukar al'adar. Sai aka shiga cika coci-coci da sassaƙe-sassaƙe masu motsi da iska a tufafinsu, salon da daga baya aka sa wa suna Barok. Babu kyamara a zamanin. Wanda yake son ya koma Faris ko Antwerp da abin da ya gani a Roma, sai dai ya zana. Makarantar da Sarkin Faransa Louis na 14 ya buɗe wa ɗalibansa a Roma a 1666, kwaikwayon sassaƙa na daga cikin manyan ayyukanta.

Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda addini ya hana su zana mai rai. Ba sai sun tsallake shafin ba. Kashi mafi yawa na abin da zan faɗa a kan tufafi ne da haske da inuwa, kuma babbar riga da aka rataya a ƙusa ta isa abin gwaji.

Kayan aiki

Allin da ake magana ba na makaranta ba ne. Jan alli dutse ne mai laushi, yumɓu da tsatsar ƙarfe suka haɗu a cikinsa, ana haƙo shi a yanka shi da zarto sirara-sirara. Baƙin alli shi ma dutse ne mai gawayi a jiki, a Italiya an san na yankin Piedmont. Kada a haɗa shi da gawayin itace: gawayi yana tashi da hurawa ɗaya, baƙin alli kuwa yana kama takarda, yana kuma ɗaukar tsini. Na ukun shi ne fari. Ana soka guntun allin a bakin wani bututun tagulla mai zobe da ke matse shi, sau da yawa ja a baki ɗaya, baƙi ko fari a ɗayan. Wajen fiƙewa, wuƙa daga tsini take tafiya zuwa baya, saɓanin yadda ake fiƙe fensiri. In ka yi ta gaba, tsinin zai ɓalle a hannunka.

Yau dutsen asali ya yi wuya. Sandunan Conté, waɗanda suka ci sunan Bafaranshen da ya ƙirƙiro hanyar haɗa fensiri da yumɓu a 1795, su ne mafi kusa da shi a kanti. Mai son wahala kuma yana iya haɗa nasa: ya samo jar ƙasa mai kyau, ya jiƙa, ya tace da ƙyalle, ya bari ta kwanta, ya tsiyaye ruwan, ya kwaɓa abin da ya rage da ɗan ruwan ƙaro, ya mulmula kamar yatsa, ya shanya a inuwa. Ƙaron kaɗan ake sawa. In ya yi yawa, allin zai yi tauri ya riƙa kartar takarda ba ya barin launi. In ya yi kaɗan ainun, ya marmashe. Sai ka yi kwaɓi uku ko huɗu kafin ka gane ma'auninka.

Takardar wancan zamani daga tsummokaran lilin ake yin ta, da hannu, kuma in ka ɗaga ta a haske za ka ga layuka sirara a jikinta. Wannan ɗan kaushin shi ke cizon allin. Takarda mai santsi irin ta fotokwafi ba ta yi ba sam. Nemi mai kaushi, fara mai ɗan duhu kamar madara, ko shuɗiya ko toka-toka. Shuɗiyar takarda 'yan Venice ne suka fi shahara da ita. Sai murza: takarda ko fata mai laushi da aka naɗe tam aka fiƙe bakinta, ta shafa inuwa. Sai zare mai ɗan nauyi a ƙasa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi.

Dutse za ka zana ko mutum?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka amsa kafin alli ya taɓa takarda, kuma yawancin zanen da ya lalace a nan ya lalace.

Peter Paul Rubens ya zauna a Italiya daga 1600 zuwa 1608, ya zana tsofaffin sassaƙe-sassaƙen Roma da baƙin alli. Ya bar wani gajeren rubutu da Latin a kan lamarin, wanda Roger de Piles ya buga a 1708. Gargaɗinsa shi ne mai fenti ya san sassaƙa ciki da waje, amma kada aikinsa ya yi warin dutse. Dalilinsa kuwa a fili yake. Ɗaga hannunka ka kare fitila, za ka ga haske na ratsa gefen yatsunka ja-ja. Fata da tsoka suna shan haske, shi ya sa inuwar jikin mutum take da taushi. Dutse ba haka yake ba, inuwarsa kaifi gare ta. To shi Rubens, da yake mai fenti ne, in ya zana dutse sai ya mai da shi nama.

Edme Bouchardon, masassaƙin Faransa da ya yi zaman Roma daga 1723 zuwa 1732, ya bi wata hanyar. Zanensa na jan alli yana gaya maka inda kurfi yake da inda tudu yake, kamar mai shirin ɗaukar guduma ya maimaita aikin. Ni dai ga mai koyo hanyar Bouchardon nake zaɓa. Wanda ya fara da ta Rubens, kafin hannunsa ya faɗa, abin da yake samu ba dutse ba ne ba kuma mutum ba, wani abu ne kamar kwaɓaɓɓen fulawa.

Akwai wata magana da Gian Lorenzo Bernini ya yi lokacin da ya je Faris a 1665, wadda Paul Fréart de Chantelou ya rubuta a littafinsa na kullum. Ma'anarta ita ce, da mutum zai shafe gashinsa da girarsa da leɓensa duk da fari, ko masu ganinsa kullum da ƙyar za su gane shi. Saboda haka masassaƙi, in yana son duhun ƙarƙashin ido, dole ya fafe dutsen ya bar inuwa ta yi masa aikin launi. Riƙe wannan. A jikin mabul babu baƙin gashi, babu jan leɓe, babu ƙwayar ido mai launi. Duk duhun da ka gani rami ne. Kai ma ramin za ka zana. Farin takarda shi ne dutsen, allinka na inuwa ne kawai.

Wurin tsayawa

Tun ran gini tun ran zane. Zagaya abin sau biyu ko uku kafin ka zauna. Sassaƙen Barok galibi an yi shi ne don a kalle shi daga wuri guda, da haske daga wuri guda. Misali mafi bayyana shi ne Waliyyiya Teresa ta Bernini a majami'ar Santa Maria della Vittoria, aikin 1647 zuwa 1652. Bernini ya ɓoye taga a sama, bayan gini, ta yadda hasken rana ke gangarowa ta kan wasu sanduna masu ruwan zinariya ya sauka a fuskar waliyyiyar. In ka zana ta da hasken da ya daki fuskarta daga gaba, irin na kyamara, ka zana wani abu dabam.

Saboda haka, ko a gaban sassaƙen kake ko hotonsa ne a gabanka, nemi haske ɗaya da ke zuwa daga sama ta gefe. A gida, rufe tagogi ka bar ɗaya. Hasken taga yana tafiya da rana, don haka kada zama ya wuce awa biyu. Gobe ka dawo a daidai lokacin. Sa alamar alli a ƙasa inda ƙafafun kujerarka suke.

Mai farawa kada ya fara da Teresa. Ya fara da Waliyyiya Cecilia ta Stefano Maderno, ta shekarar 1600, da ke unguwar Trastevere. A kwance take a gefen dama, fuska a juye ƙasa, hannuwa a gaba, ga shatin sara a wuya. Babu fuskar da za ta ba ka wahala, tufafin kuma a natse suke.

Awo

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon mai koyo maƙaryaci ne: yana girmama kai, yana rage ƙafa. Miƙa hannunka gaba ɗaya, rufe ido ɗaya, ka auna tsawon kan da bututun allinka, babban yatsa ya riƙe maka alama. Ƙirga kai nawa ne daga ƙoli zuwa tafin ƙafa. A tsayayyen mutum yakan kai bakwai da rabi zuwa takwas, amma abin da ka auna shi za ka rubuta, ba abin da littafi ya ce ba. Waliyyi Longinus na Bernini da ke cikin Majami'ar Waliyyi Bitrus ya haura mita 4, kuma a sama yake. Daga ƙasa kake kallonsa, ƙirji zai gajarce, za ka ga ƙarƙashin haɓa. Haka za ka bar shi.

Sai ka saki zaren nan mai nauyi daga ramin wuya, ka ga ina ya sauka. A jikin Susanna kusa da ƙafar da ke ɗauke da nauyi zai sauka. Lura kuma da cewa ƙugu yana ɗagawa ta ɓangaren wannan ƙafar, kafaɗar wannan ɓangaren kuma ta ɗan sauka. Layuka uku ke nan: na tsaye, na ƙugu, na kafaɗa. Ja su a hankali, kamar ba ka so takardar ta ji. Jan alli ba ya gogewa sosai. Burodi yana rage shi ne kawai, tabon na nan. Wasu sukan fara da gawayi, su kaɗe shi da ƙyalle, sannan su bi sawunsa da alli.

Tufafi

Nan ne aikin yake, nan kuma nake so mu daɗe. A jikin Teresa, abin da ake gani na jiki bai wuce fuska da hannu da tafin ƙafa ba. Sauran duk tufafi ne, sun tattare sun kakkarye kamar guguwa ta shiga cikinsu. Mai koyo yana ganin haka sai ya fara daga kusurwa ɗaya yana bin ninki ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai tsakiya ya ɓace, takardar ta zama kamar taliya.

Ga yadda ake yi. Runtse idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace. Abin da zai rage maka manyan faci ne na haske da na duhu, wataƙila biyar ko shida. Su za ka fara shatawa, ka cika na duhun da launi ɗaya mara nauyi, da gefen alli. Bayan haka ka nemi inda ƙyallen ya rataya. Kowane ninki yana da mafari: kafaɗa, gwiwa, ɗamara, ko hannun da ya riƙe shi. Duba mai babbar riga in ya naɗe hannun rigar ya aza a kafaɗa, za ka ga duk layukan daga wuri ɗaya suke fita suna bazuwa. Haka yake a dutse. Ninkin da ba ka san daga ina ya taso ba, kada ka zana shi tukuna.

Kowane ninki kuma yana da sassa huɗu in ka duba da kyau. Akwai bayansa da ke fuskantar haske. Akwai inda ya fara juyawa, nan inuwa ta fi kauri. Akwai cikinsa, inda haske ke dawowa daga ninkin da ke kusa ya ɗan haska shi. A farin mabul wannan dawowar haske tana da ƙarfi ƙwarai, ita ce ma ke sa zane ya yi kama da dutse. Sai can ƙuryar rami, inda masassaƙi ya sa abin huda ya fafe, nan ne baƙi ƙirin. Wannan duhu na ƙarshe tsimi ake yi da shi kamar gishiri. Wuri biyar ko shida a duk zanen ya isa.

Inuwa da jere-jeren layuka ake gina ta, a karkace, tazararsu ɗaya, daga wuyan hannu. In ana son ƙarin duhu sai a sake bi da wani jeren da ya ɗan gitta na farko, ba gittawar tabarma ba, a ɗan kaikaice. Inda jiki ya yi zagaye, layin ya lanƙwasa ya bi shi. Longinus ma ya sauƙaƙa maka: Bernini bai goge shi ya yi santsi ba, ya bar sawun ƙarfe mai haƙora a jikinsa, sai ka bi sawun kawai. Murza kuwa a fuska da hannu ake sa ta, inda aka goge dutsen ya yi sumul, kuma bayan an murza a sake ɗora 'yan layuka a kai. Zanen da aka murje shi duka yana zama kamar hayaƙi.

Jan alli yana da iyaka: duk yadda ka danna ba zai yi baƙi ba, sai dai ya yi ƙyalli ya toshe takardar. Masu zane a da sukan ɗan jiƙa tsinin da miyau in suna son layi mai duhu. Ko kuma a taɓa ramin da baƙin alli.

In kana son gwaji a gida, tsoma farin zane a ruwan sitati mai kauri, ka yafa shi a kan kujera ko turmi, ka gyara ninkin yadda kake so, ka bari ya bushe. Zai tsaya maka mako guda bai motsa ba. Masassaƙan Turai ma sukan yi irin wannan da ƙyallen da aka tsoma a ruwan yumɓu.

Farin alli

Shi ne na ƙarshe, kuma a takarda mai launi kawai yake da amfani. A nan takardar ce ke zama tsaka-tsaki, baƙi ya yi inuwa, fari ya yi haske. Doka ɗaya ce: kada fari ya haɗu da ja ko baƙi, a bar takarda tsirara a tsakaninsu. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa kwana uku a kan zanen ɗaya daga cikin mala'ikun nan goma na gadar Sant'Angelo, waɗanda Paparoma Clement na 9 ya ba Bernini aikinsu a 1667. Da na zo ƙarshe sai na ga kumatun bai haska ba, na ɗora fari a kan ja na murza. Nan take mala'ikan dutse ya koma ruwan hoda kamar an shafa masa kwalliyar biki. Ina ƙoƙarin gyarawa, hannun rigata ya share rabin fiffike. Tun daga ranar nake shimfiɗa 'yar takarda a ƙarƙashin hannuna, nake kuma fara aiki daga sama ta hagu in gangaro dama. Bahago sai ya juya.

Haɗa allin uku a zane ɗaya, wanda Antoine Watteau ya yi suna da shi, ya fi dacewa da fatar mai rai. Ga dutse, biyu sun wadatar.

Bayan an gama

Alli gari ne da ke zaune a kan takarda, ko yaushe yana iya tashi. Akan fesa masa madarar da aka cire wa mai, ko ruwan ƙaro tsararo. Ni ba na so, don yana dusashe fari, yana kuma sauya ja. In dole ne, gwada a wata takarda tukuna. Ajiya a kwance ake yi, da takarda mai santsi tsakanin zane da zane, nesa da rana, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina, a kan abin da gara ba za ta hau ba. A ƙasan takardar rubuta sunan sassaƙen da wurin da yake da lokacin da ka zauna.

Hanyar da su Bouchardon suka fi bi ta fi wannan dabara. Ana jiƙa sabuwar takarda, a tsane ta har ta daina ƙyalli, a kifa ta a kan zanen, a bi da su ta cikin injin buga hoto. Garin da bai kama ba sai ya koma kan sabuwar takardar. An jefi tsuntsu biyu ke nan: na asalin ya daina zuba, ga kuma kwafi na biyu. Wanda ba shi da inji sai ya murza bayan takardar da bayan cokali ko kwalba, da ƙarfi, ba tare da ta gusa ba. Da jan alli abin ya fi fita.

Kwafin yana fitowa a juye, dama ta koma hagu, kamar a madubi. Masu sassaƙa hoto a farantin tagulla suna son haka, don bugu zai sake juya shi ya dawo daidai. Kai kuma zai nuna maka karkacewar da idonka ya saba da ita har ya daina gani. Sai dai ka rubuta a bayansa cewa juyayye ne, don kada wani ya ɗauka haka sassaƙen yake. A kan Susanna ma abin da ɗan ban dariya. Duquesnoy ya yi ta ne tana nuna bagade da hannu, daga baya aka ɗauke ta aka mai da ita alkukin da ke ɗaya gefen, hannun ya koma yana nuna wani wuri. A juyayyen kwafinka ne kawai za ta sake nuna inda aka nufa.